Burauza da Rufin Asiri: Bayani a Kan Saitin Manhajar Shiga Intanet

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a aiken yaro haka kawai. Kafin ya fita sai an ja masa kunne: ka je gidan wane ka ce kaza da kaza, in an tambaye ka abin da ake ciki a gida ka ce ba ka sani ba, kada ka tsaya wasa a hanya, kada kuma ka karɓi abin hannun kowa. Ana yin haka ne domin an san yaro bai rarrabe abin faɗi da abin bari a ciki ba, kuma sau da yawa abin da ɗan aike ya zubar a hanya yakan fi saƙon da aka ba shi yawa.

A wannan zamani an sami wani sabon ɗan aike wanda kusan kowane mai waya ko kwamfuta yake aikensa sau ɗari a yini ba tare da ya taɓa ja masa kunne ba. Shi ne ake kira burauza. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyanawa shi ne irin maganganun da wannan ɗan aike yake yi a kan uban gidansa, da yadda ake gyara masa hali ta hanyar saiti, da kuma wuraren da saitin ba ya yin abin da sunansa ya nuna. Daga ƙarshe za a tsaya a kan batun harshe, domin a nan ne mai karatu da rubutu da Hausa yake da wata matsala tasa ta daban.

Sunansa da aikinsa

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Safari da Edge da Opera. Kalmar aro ce daga Turanci, ta kuwa zauna daidai a bakin Hausawa. Wasu masu fassara sukan ce “mai bincike”, to amma wannan suna yana kawo ruɗu, domin yana sa a haɗa ta da injin bincike irin su Google ko Bing ko DuckDuckGo, alhali kuwa abubuwa biyu ne. Burauza ita ce ɗan aiken, injin bincike kuwa wani gida ne daga cikin gidajen da ake aikensa, watau gidan mai kwatance. Kowace burauza tana da wurin da ake canja injin binciken da take zuwa.

Tim Berners-Lee ne ya rubuta burauza ta farko a shekarar 1990 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba. Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, Netscape a 1994, Internet Explorer a 1995, Safari a 2003, Firefox a 2004, sa'an nan Chrome a 2008, wadda a yau ta fi kowace yawan masu amfani da ita a duniya.

Idan mutum ya rubuta adireshin shafi, burauza takan je wurin kwamfutar da ke ajiye da shafin, wadda ake ce wa uwar garke, ta roƙo shi ta kawo. Ba ta zuwa da baki rufe. A kowace tafiya uwar garke tana ganin lambar IP ta mai aiken, wadda take nuna kamfanin da ya ba shi layi da kuma yankin da yake a bisa kintace. Burauzar da kanta takan faɗi sunanta da irin na'urar da take kai, da harsunan da mai ita yake so, sau da yawa kuma har da shafin da aka baro kafin a zo wannan. In shafin ya ƙara tambaya, sai ta faɗi girman fuskar na'urar, da agogon yankin, da wasu abubuwa da dama. Duk wannan tana yin sa ne da kyakkyawar niyya, domin a kawo shafin daidai da na'urar. Amma maganar da ta fita ta fita.

Saitin da aka tarar

Kowace burauza tana zuwa da saitin da masu ita suka zaɓa, kuma sun sani sarai cewa mafi yawan mutane ba za su taɓa shi ba har wayar ta tsufa. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, sai ya dubi abin da ya fito a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin Google. An bayyana a gaban kotu cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 domin injin bincikensa ya zama shi ne ake tararwa a burauzoji da wayoyi, kuma a 2022 rabon kamfanin Apple daga irin wannan kuɗi ya kai dala biliyan 20. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka. Ruwa ba ya tsami banza. Ba mai biyan wannan dukiya a kan abin da mutum zai iya canjawa cikin minti ɗaya, sai wanda ya tabbata ba za a canja ba.

Ya kamata kuma a san ko wane ne ke ciyar da ɗan aiken. Mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake zuwa, talla kuwa tana ƙara tsada gwargwadon sanin wanda ake yi wa ita. Hatta Mozilla mai Firefox, wadda ta yi suna wajen tsare sirri, mafi yawan kuɗinta daga yarjejeniyarta da Google yake fitowa. Ba a kawo wannan don zargi ba, sai don mai karatu ya gane cewa saitin da ya tarar shawarar wani ce, ba hukuncin da ba ya tashi ba.

Kukis

A 1994 wani matashin ma'aikacin Netscape mai suna Lou Montulli ya warware wata matsala. A lokacin uwar garke ba ta iya tuna baƙo. Mutum zai zaɓi kaya a shafin ciniki, da ya matsa shafi na gaba sai a manta da shi. Dabarar da Montulli ya kawo ita ce uwar garke ta ba burauza wani ɗan guntun rubutu ta ajiye, duk sa'ad da ta dawo ta nuna shi. Wannan shi ne kuki, jam'insa kukis. Misalinsa shi ne 'yar takardar da mai gadin babura yake ba mutum a bakin kasuwa: bai san sunanka ba, amma da ka nuna lambar ya gane kai ne. Ba don kukis ba, da sai mutum ya riƙa sake rubuta kalmar sirrinsa a kowane shafi. Saboda haka wanda ya toshe kukis baki ɗaya ya wahalar da kansa ne kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shafi ɗaya ba daga gida ɗaya yake zuwa ba. Labarin yana zuwa daga gidan jaridar, amma tallar da ke gefe, da maɓallin yaɗawa, da wani ɗan hoto wanda ido ba ya gani, kowanne daga wani kamfani yake, kuma kowane kamfani yana iya ba burauza tasa takardar. Waɗannan su ne kukis na bare. Tun da kamfanin talla guda yana iya kasancewa a cikin dubban shafuka, duk inda burauza ta shiga ta tarar da shi sai ta nuna masa takardarsa, shi kuwa ya rubuta. Da safe an ga mai lamba kaza a shafin labarai, da rana yana karanta alamomin ciwon suga, da dare yana neman rance. Ba a tambayi sunansa ba, amma an san ciwonsa da bashinsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ga ɗan aike wanda ba shi da ciki.

A kan wannan ne burauzoji suka fi shan bamban. Apple ya fara taƙaita irin wannan bin sawu a Safari a 2017, ya toshe kukis na bare gaba ɗaya a watan Maris na 2020. Firefox ta fara toshe sanannun masu bin sawu ga kowa da kowa a watan Satumba na 2019, sa'an nan a 2022 ta kawo tsarin da ke ware wa kowane shafi tasa tukunyar kukis, yadda takardar da aka karɓa a wani gida ba za ta yi amfani a wani ba. Shi kuwa Google, a watan Janairu na 2020 ya yi shelar zai kawar da su daga Chrome cikin shekara biyu. Aka yi ta ɗagawa, har a watan Yuli na 2024 ya ce ya fasa, a Afrilun 2025 kuma ya tabbatar da cewa za a bar abin yadda yake. Ma'ana, mai amfani da Chrome shi zai shiga saiti da hannunsa, ya nemi sashen tsare sirri da tsaro, ya zaɓi toshe kukis na bare. A ganina, in mutum abu ɗaya tak zai canja a burauzarsa, to wannan ne. Jefi-jefi wani shafi zai ƙi aiki, sai a yi masa togiya shi kaɗai.

Sunayen da suka fi aikinsu girma

Safari ce ta fara kawo tagar sirri a 2005, Chrome ta zo da tata mai suna Incognito a 2008, Firefox ta biyo baya a 2009. Mutane da yawa sun ɗauka da sun buɗe ta sun zama masu layar zana. Ba haka ba ne. Abin da take yi shi ne, idan aka rufe ta, ba ta barin tarihin shafukan da aka shiga a cikin na'urar, tana kuma zubar da kukis ɗin da aka karɓa a wannan zama. Watau share sawu take yi a tsakar gida. Waɗanda aka wuce a hanya kuwa sun riga sun gani: kamfanin layi, da mai kula da intanet na ofis ko makaranta, da shafin da aka je. In mutum ya shiga akwatin imel ɗinsa a cikinta, to ya faɗi sunansa da bakinsa. Fayil ɗin da aka sauke ma yana nan bayan an rufe.

Wannan rashin fahimta har kotu ya kai. A 2020 wasu mutane a Amurka suka kai ƙarar Google cewa yana tattara bayanansu ko da suna cikin Incognito. Aka sasanta, a 2024 kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara rubutun da ke bayyana a tagar domin ya faɗi gaskiyar iyakarta.

Duk da haka kada a raina ta, domin a wurinmu maƙwabcin ido ya fi kamfanin talla kusa. Wayar da miji da mata da ƙanne suke karɓa-karɓa, da kwamfutar shagon intanet inda ɗalibai suke layin cike takardun jarrabawa, a nan ne tagar sirri take da amfani na gaske. Wanda ya duba sakamakon asibiti a wayar aro, ko ya shiga asusunsa a shago, ita ya kamata ya buɗe, kuma ya tabbata ya rufe ta kafin ya tashi.

Akwai kuma wani maɓalli da labarinsa yake da ban tausayi, mai suna Do Not Track, watau “kada a bi sawuna”. Firefox ta fara sa shi a 2011, sauran suka bi. Aikinsa shi ne burauza ta riƙa gaya wa kowane shafi cewa mai ita ba ya so a bi shi. To, roƙo ne, ba doka a bayansa, mafi yawan shafuka kuwa suka yi kunnen uwar shegu da shi. Kwamitin da ke tsara ƙa'idarsa ya watse a farkon 2019. A wannan shekara Apple ya cire shi daga Safari, bisa hujjar cewa ya koma wata alama da ake ƙara gane mutum da ita. Firefox ma ta cire shi a farkon 2025. A riƙe wannan hujja ta Apple, za a komo kanta.

Hanya, da izini, da ajiya

Adireshin da ya fara da https yana nufin saƙon yana tafiya a rufe tsakanin burauza da uwar garke, kamar wasiƙa cikin ambulan. Wanda ya fara da http kawai kuwa buɗaɗɗiyar takarda ce, duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta. Tun watan Yuli na 2018 Chrome take yi wa irin waɗannan shafuka alamar rashin tsaro, kuma manyan burauzoji suna da saitin da ke sa su ƙi buɗe su sai da gargaɗi. Yana da kyau a kunna shi. Sai dai ambulan ba ya shaidar halin wanda aka aika wa wasiƙar. Shafin 'yan damfara ma yana iya samun hoton ɗan kwadon nan da ake gani a gefen adireshi, dalili ke nan da ya sa Chrome ta sauya hoton a 2023, don mutane sun ɗauke shi shaidar amana.

A nan ya dace a ambaci Opera Mini, wadda ta yi farin jini ƙwarai a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka saboda tsimin data. Dabararta ita ce, maimakon ta je wurin shafin kai tsaye, sai ta aiki kwamfutocin kamfanin Opera su ɗauko shi, su matse shi, su miƙo mata ragagge. A matakin tsimi mafi tsanani, hatta rufaffen shafi sai an buɗe shi a can kafin a matse. Wanda kuɗin data yake damunsa ba a ce masa ya bari, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: karatun labarai da ita daidai ne, harkar banki kuwa a nemi wata.

Izini kuma nasa mai sauƙi ne. Shafi ba ya iya kunna kyamara ko makirufo, ko sanin takamaiman inda mutum yake tsaye, ko aiko da sanarwa, sai ya tambaya. Matsalar ita ce hannu ya saba danna amincewa don a kawar da abin da ya tare fuska. Tallace-tallacen banza da suke faɗowa a waya, wasu har da hotunan da mutum zai ji kunya a gani a hannunsa, galibi daga irin wannan amincewa suke, ba daga wata cuta da ta shiga wayar ba. A cikin saitin shafuka akwai jerin duk waɗanda aka taɓa ba izini, a bi shi a soke.

Burauzar kwamfuta tana karɓar ƙananan manhajoji da ake liƙa mata don ƙarin aiki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara wajen toshe talla da masu bin sawu ita ce uBlock Origin ta Raymond Hill. Canjin ƙa'idar da Google ya yi ya sa cikakkiyarta ta daina aiki a Chrome tsakanin 2024 da 2025, sai wata ragaggiya, amma tana aiki a Firefox. Sai a yi hattara, domin irin wannan liƙi sau da yawa yana da ikon karanta duk abin da ke shafin da aka buɗe. Wanda ba a san asalinsa ba kada a shigo da shi gida.

Kalmomin sirri da burauza take ajiyewa kuwa, ƙarfinsu bai wuce ƙarfin makullin wayar ba. Wanda zai bar waya wurin mai caji ko mai gyara, ko zai sayar da ita, ya tuna cewa duk ƙofofin da ya bari a buɗe suna ciki.

Batun harshe

A cikin saitin kowace burauza akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Na farko shi ne harshen da ita kanta take magana da shi a maɓallanta. Na biyu shi ne jerin harsunan da mutum yake so a kawo masa shafuka da su, kuma shi ne ya fi muhimmanci a nan. Wannan jeri burauza take karanta wa gidajen da ta je. Kowane harshe yana da alamarsa ta duniya, ta Hausa ita ce ha, ana kuma iya ƙara ƙasa, a ce ha-NG ko ha-NE ko ha-GH. Wanda ya sa Hausa a sama, Turanci ko Faransanci a ƙasa, ya ce ke nan: in kuna da Hausa ku ba ni, in babu na karɓi wancan.

Mafi yawan wayoyin da ke hannun Hausawa da Turanci ko Faransanci aka saita su tun daga kanti, haka kuma suke zaune. Sakamakon haka, mai shafin da ya duba lissafin baƙinsa don ya ga harsunan da suke so, Turawa zai gani sun cika masa gida daga Kano da Sakkwato da Damagaram. Miliyoyin masu Hausa suna wucewa ba a ƙidaya su ba, sa'an nan mu dawo muna kukan ba a fassara mana kome. Ba wannan kaɗai kamfanoni suke dubawa ba, gaskiya ne, amma yana cikin 'yan wuraren da mai harshe yake iya ɗaga hannu ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Akwai wasu ƙananan gyare-gyare da suka shafi mai Hausa. Tun watan Disamba na 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da injinsa yake fassarawa, shi ya sa Chrome takan yi wa Bahaushe tayin juya masa shafin Hausa zuwa Turanci, wani lokaci ma ta juya ba a so, labari ya koma shirme. Ana iya gaya mata kada ta ƙara fassara Hausa. A kuma sani cewa duk shafin da aka ba ta ta fassara, rubutunsa yana zuwa kwamfutocin Google. Haka nan mai duba kuskuren rubutu, wanda yake ja wa kowace kalmar Hausa jan layi don bai san ta ba: a Chrome ta kwamfuta iri biyu ne, na talaka yana aiki a cikin na'ura, ingantaccen kuwa yana aika abin da ake rubutawa zuwa Google. Marubucin Hausa ba ya ƙaruwa da ko ɗaya, gara ya kashe.

Sai haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya take sa 'y. Tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko, kuma suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kowanne da lambarsa. Saboda haka in mai karatu ya ga akwati a gurbin ƙ, ko ya ga harafin ya bambanta da 'yan'uwansa kamar baƙo a cikin sahu, laifin ba na Hausa ba ne. Zubin haruffan da mai shafin ya zaɓa ne ba shi da ita, burauza ta aro daga wani zubin, ko ta rasa. Maganinsa a kwamfuta shi ne a sa zubin da ya cika, kamar Charis ko Andika ko Gentium na ƙungiyar SIL, ko Noto na Google, a zaɓe shi a saiti. Firefox har tana ba da damar hana shafuka zaɓen nasu. Ba ƙaramin abu ba ne, domin tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ƙugiyar nan ce kaɗai.

To, a nan ne za a komo kan hujjar Apple. A da, Bahaushe ba ya bukatar tambayar baƙo daga ina yake. Tsagar fuskarsa ta isa: wannan zuben Gobirawa ne, wancan na Barebari. In aka haɗa da karin harshe da ɗinkin hula da irin tafiya, sai a fitar da mutum cikin taron kasuwa ko bai ce uffan ba. Masu bin sawu sun gano irin wannan hanya, wadda ba ta bukatar kuki ko ɗaya. Sukan tattara 'yan bayanan nan da burauza take bayarwa, irin na'ura, girman fuska, agogon yanki, jerin harsuna, zubin haruffan da aka sa, yadda na'urar take zana hoto, su haɗa. Kowanne shi kaɗai dubban mutane suna da irinsa, amma haɗuwarsu takan zama ta mutum ɗaya. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ta Amurka ya gwada burauzoji 470,161, ya tarar kashi 83.6 cikin ɗari kowace ba ta da tagwai a cikin taron. Shafin gwajin yana nan, an sake masa suna Cover Your Tracks a 2020. Share kukis ba ya kankare wannan tsaga, tagar sirri ma ba ta rufe ta duka.

Abin da wannan yake nufi yana da ɗaci kaɗan: duk gyaran da mutum ya yi wanda ya raba shi da jama'a, ƙarin tsaga ne. Wanda ya sa Hausa a saman jerinsa, ya kuma sa zubin haruffan da ba kowa ke da shi ba, ya fi wanda ya bar wayarsa yadda ta zo saurin ganewa, musamman in yana zaune a Jidda ko Landan inda masu irin wannan saiti ba su da yawa. Masu burauzar Tor, wadda aka gina domin 'yan jarida da masu fallasa da duk wanda ke cikin hatsari, sun fahimci haka, shi ya sa suke ƙoƙarin mai da duk masu amfani da ita kama ɗaya, har takan yi wa wanda harshensa ba Turanci ba tayin ta riƙa roƙon shafuka da Turanci don kada harshen ya tona shi. Firefox da Safari da Brave su ma suna da matakan rage wannan tonon, ko dai ta toshe sanannun masu yin sa ko ta gurɓata amsar da ake ba su.

Doka tana nan, amma ba ta tsaya a kan wayar kowa ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a wadda ta kafa hukuma ta musamman. Gana ta yi tata a 2012, Nijar a 2017. Takardun neman yarda da kukis da suke tare fuskar shafuka kuwa, sun yawaita ne bayan dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayu na 2018, kuma a yawancinsu akwai maɓallin ƙi, ko da an ɓoye shi a lungu.

Shin Bahaushe ya sa Hausa, ko ya ɓuya cikin taron Turanci? Ni dai a ganina amsar ta danganta da aikin da ake yi, kuma ba dole ne ɗan aike ya zama ɗaya ba. Ga malami da ɗalibi da ɗan kasuwa da ke Kano ko Maraɗi, lambar IP da agogon yanki sun riga sun faɗi inda suke, abin da ha za ta ƙara tonawa kaɗan ne, kuma iyakar yawan masu sa ta, iyakar raguwar zamanta alama. Waɗannan su sa ta a sama a burauzarsu ta yau da kullum, su toshe kukis na bare, su soke izinin da ba su san lokacin da suka bayar ba. Wanda kuwa aikinsa ya shafi abin da tonuwarsa za ta cutar da shi ko wani, kamar ɗan jarida mai magana da majiya, ko mai neman bayani a kan lalurar da ba ya so a sani, sai ya ware wata burauza ta biyu don wannan kaɗai. Ita wannan ta biyun ba a yi mata ado: ba a canja mata harshe, ba a liƙa mata kome, ba a kuma shiga imel ko Facebook a cikinta.